Zaɓen shafukan gwaji ga mai rubuta manhajar wiki: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin matasan Katsina masu rubuta ƙananan manhajoji don shafukan wiki: mai bot (manhajar da ke yin gyara da kanta) na gyaran rubutu a Wikipedia ta Hausa, ɗalibin da aikin kammala karatunsa ya faɗo a kan MediaWiki (manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta), da wanda ofishinsu ya kafa wiki na cikin gida aka ce shi zai kula da shi. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne ma bayanan gwaji in ana maganar shafukan wiki?

Shafukan da kake ba manhajarka ta yi aiki a kansu ne, kafin ka sake ta a kan rubutun mutane. Amma shafi kaɗai bai zama bayanan gwaji ba sai ya zo da abu biyu: lambar sigar da ka ɗauka, da abin da kake tsammanin manhajar za ta fitar in ta gama da shi. In babu na biyun, kallo kawai kake yi. Kowanne daga cikinsu yana da amsarsa a ƙasa.

Ba zan iya rubuta shafi biyu-uku da kaina in gwada da su ba?

Za ka iya, kuma da su ake farawa. Matsalar ita ce shafin da ka rubuta da hannunka yana bin tunaninka ne, tunanin da ya haifi manhajar. Duk abin da ka manta da shi wajen rubuta kod, shi ɗin dai za ka manta wajen rubuta shafin. Za ka rufe duk baka da ka buɗe, za ka sa ƙugiya a inda ta dace, jadawalinka zai tsaya cak.

Shafin gaske kuwa hannu da yawa ya taɓa shi. Wani ya fara shi a waya ba tare da ƙugiya ko ɗaya ba, wani ya zo ya manna sakin layi daga Word, wani ya kawo rabinsa da na'urar fassara ta ContentTranslation har da samfurin (template, shafin da ake kiran abin da ke cikinsa cikin wasu shafuka) da babu shi a wikin Hausa, wani ya buɗe alamar manazarta ya tafi bai rufe ba. Irin wannan shafin manhajarka za ta tarar ranar farko, don haka shi ya kamata ta fara gani a ɗakin gwaji.

Me zai hana in danna Special:Random, mahaɗin da ke buɗo shafi bisa ƙuri'a, sau ɗari in kwashi abin da ya fito?

Babu laifi, amma ka san iyakar abin da hakan zai ba ka. Zaɓen ƙuri'a yana kawo maka irin shafin da ya fi yawa, wanda a wiki irin namu gajerun maƙaloli ne masu kama da juna. Shafin da zai karya manhajarka kuwa yawanci ba shi da 'yan'uwa da yawa.

Lissafin ba shi da wuya. In matsala tana cikin shafi ɗaya a kowane 100, sai ka ɗebi kusan 300 kafin ka kai kashi 95 cikin ɗari na yiwuwar cin karo da ita ko sau ɗaya. In ɗaya ce a cikin 1,000, kusan 3,000 kake bukata. Shafuka 100 ɗin da ka danno ba su ba ka ko kashi 10 cikin ɗari ba. Mai sayen gero a kasuwar Mai'adua bai tsayawa a kan abin da ke bakin buhu, cusa hannu yake yi har ƙasa, don ya san inda tsakuwa take kwanciya. Ƙari a kan haka, Special:Random maƙaloli kawai yake kawowa in ba ka faɗa masa wani sashe ba, kuma ba ya kawo shafukan turawa, wato masu kai mai karatu zuwa wani shafin.

To shafuka nawa ne suka isa?

Ka riƙe tari biyu. Na farko ƙarami, zaɓaɓɓe da hannu, wanda kowane shafi a cikinsa kana iya faɗin dalilin shigarsa a jimla ɗaya. Wannan shi kake gudanarwa duk sanda ka taɓa kod, saboda haka dole ya gama da sauri. In sai ka jira rabin awa, za ka daina gudanar da shi, kowa ma haka yake. Na biyu babba, na ƙuri'a, dubbai in kwamfutarka za ta ɗauka, wanda kake sakin sa da dare ko kafin fitar da sabuwar siga. Aikinsa ya nuna maka abin da bai taɓa zo maka a rai ba.

Masu Parsoid, manhajar da ke juya rubutun wiki zuwa HTML ta kuma mayar da shi don VisualEditor (allon gyara shafi ba tare da ganin alamomin wiki ba), haka suka yi: suna da gajerun gwaje-gwajen hannu, suna kuma da tarin dubban shafuka na gaske daga Wikipedia ta harsuna daban-daban. In za ka yi ƙuri'ar da kod, ka rubuta lambar da ka fara ƙuri'ar da ita ka adana, don gobe in ka sake ta fitar maka da shafukan jiya.

Da wane ma'auni zan zaɓi ƙaramin tarin?

Ka kasa shafukan gida-gida gwargwadon abin da zai sa manhajarka ta bi wata hanya dabam, sannan ka ɗauki ɗaya ko biyu daga kowane gida. Tsawo gida ne: Special:LongPages da Special:ShortPages za su ba ka ƙarshen biyu, ka haɗa da shafin da aka share rubutunsa ya zama fanko. Sashe (namespace, yadda MediaWiki ya rarraba nau'o'in shafuka) gida ne: maƙala tana lamba 0, shafin tattaunawa 1, na edita 2, fayil 6, samfuri 10, rukuni 14, kod ɗin Lua (harshen kod da wasu samfura ke amfani da shi) 828. Sunayen sassan na Turanci suna aiki a kowane wiki, don haka ka sami shafin da ya kira rukuni da sunan Turanci da wanda ya kira shi da na gida.

Sai shafukan da ba maƙala ba ne ko da yake suna zaune cikin maƙaloli. Akwai shafin turawa, da turawa mai tura wa wata turawar, wadda MediaWiki ba ya bin ta sai mataki ɗaya. Akwai shafin rarrabewa, mai jera abubuwan da suka yi tarayya a suna ɗaya. Sunan Katsina kansa misali ne mai kyau: birni ne, jiha ce tun 1987, ƙaramar hukuma ce, masarauta ce, ga kuma Katsina-Ala can jihar Binuwai da ba ruwanta da su. Manhajar da ke sa mahaɗi duk inda ta ga "Katsina" sai ta nuna maka wanne za ta zaɓa a kowace jimla. Daura ma haka.

Shawarar da nake yawan bayarwa ita ce a fara da maƙalolin ƙananan hukumomin jihar 34. Kun san su, za ku gane kuskure da ido, kuma sunayensu kaɗai sun ƙunshi kusan duk tarkon da ke cikin amsoshi biyu masu zuwa.

Me ya sa ake ta nanata haruffa masu ƙugiya? Ai Unicode ya gama da wannan.

Unicode ya ba su lamba, bai gyara kod ɗinka ba. Ɗauki "Ƙofar Durɓi". Haruffa 11 ne har da tazarar, amma bayit (ma'aunin wurin da rubutu ke ci a kwamfuta) 13 ne a tsarin adana haruffa na UTF-8, domin Ƙ da ɓ kowanne biyu yake ci. A PHP, wanda da shi aka rubuta MediaWiki, strlen zai ce maka 13, mb_strlen ya ce 11. In manhajarka tana yanke rubutu ta ƙirga bayit, wata rana za ta raba ƙ gida biyu ta bar maka alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. A adireshin intanet kuma sunan yakan koma %C6%98ofar_Dur%C9%93i, sai ka gwada ko manhajar ta gane shafi ɗaya ne.

Wikipedia tana mayar da harafin farko na take babba da kanta, don haka mahaɗin da aka rubuta "ƙanƙara" yana kaiwa ga "Ƙanƙara". Manhajarka fa? Umarnin ucfirst na PHP ba ya taɓa ƙ. Tsarin binciken da aka rubuta da a-z zai tsinka "baƙi" ya ba ka "ba" da "i". Wajen jerawa ma akwai abin dariya: in ka bar kwamfuta ta jera da lambar harafi, Ƙanƙara da Ƙafur za su faɗo bayan Zango, alhali a abacadar Hausa ƙ tana bin k ne. Wiktionary kuma ba ta girmama harafin farko kwata-kwata, in manhajarka za ta je can.

Saboda haka tarinka ya ƙunshi take mai farawa da kowanne daga Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ, da mai ƙugiya a tsakiya, da shafin da aka rubuta ba ƙugiya sam, da wanda ya gauraya, sakin layi na farko "ƙasar" na biyu "kasar". Wannan na ƙarshen ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ka ƙara da tsohon salon k' da d' da aka saba da shi zamanin da madannai ba su da ƙugiya.

Alhamza fa? Na ji an ce ta fi ƙugiya ɓarna.

Ta fi, saboda a rubutun wiki alamar (') tana da wani aiki na dabam: biyu a jere suna karkata rubutu, uku suna kaurara shi. Maƙala takan fara da sunanta a kaurare. To in sunan 'Yantumaki ne, alamomi huɗu za su jeru a farkon layi. MediaWiki yana ɗaukar ta farko a matsayin alhamza ta gaske, sauran ukun su buɗe kauri. Manhajar da ka rubuta don ciro sunan daga layin farko ba lallai ta yi wannan rabon ba. In karkata sunan aka yi, alamomi uku ne za su jeru, kuma yadda za a fassara su ya danganta da sauran alamomin da ke cikin layin. Mai gwaji da shafukan Turanci zai iya shekara bai gamu da wannan ba.

Sannan alamar ba ɗaya ba ce a wurin kwamfuta. Akwai miƙaƙƙiya ta madannai, akwai lanƙwasasshiya da waya da Word suke sakawa da kansu, akwai ta uku da Unicode ya ware a matsayin harafi. Ido ba ya rabe su, rumbun bayanai kuwa take uku yake gani. Ka haɗa da ƴ, wadda ita ce ƙa'ida a Nijar kuma editocin Maraɗi da Damagaram da ita suke rubutu, da masu barin alamar gaba ɗaya: kalmar 'yan ta zama kala biyar ke nan.

Sunan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya cancanci kujerar dindindin a tarinka, don alhamza biyu gare shi kuma ana rubuta shi ta hanyoyi da dama. Mai'adua, jami'a, ma'aikata, su ma. In manhajarka tana haɗa tambayar SQL, wadda ake aika wa rumbun bayanai, da sunan shafi kai tsaye, sunan Mai'adua kaɗai ya isa ya kayar da ita, kuma gara ya kayar da ita a gabanka.

Waɗanne iyakoki ne ya kamata in gwada bakinsu?

Take ba ya wuce bayit 255. Bayit aka ce, ba harafi ba, don haka ƙ guda 127 za su shiga, 128 ba za su shiga ba. Ka gwada 254, 255 da 256. Akwai alamomin da take ba ya karɓa, irin su # da < da > da | da bakunan mahaɗi da na samfuri, kuma layin ƙasa daidai yake da tazara. Rubutun shafi ɗaya ba ya wuce kilobayit 2,048 a tsarin da MediaWiki yake zuwa da shi. A wikin Wikimedia kod ɗin Lua yana da daƙiƙa 10 a kowane shafi, in ya wuce sai jan rubutun kuskure ya fito a madadin akwatin bayani.

Irin waɗannan ba ka cika samunsu a shafukan gaske ba, sai ka ƙirƙira. Nan ne shafin hannu ya fi na gaske amfani. Ka jefa alamar ₦, mai cin bayit uku, da emoji mai cin huɗu. Tsohon tsarin utf8 na MySQL ba ya ɗaukar mai huɗu, in rumbunka na kanka a kansa yake.

Ina bukatar shafin Ajami ko da manhajata ta boko ce?

Ƙwarai. Maƙalar malami ko ta masallaci, ta Hasumiyar Gobarau alal misali, tana iya ɗauke da suna ko aya da harafin Larabci a tsakiyar jimlar boko. Rubutun dama-zuwa-hagu cikin na hagu-zuwa-dama yakan juya baka da lambobi a allo, kuma wani lokaci akwai ɓoyayyun alamomin juya alkibla da ba a gani. Shafi ɗaya mai layin Ajami da wasullansa, da ɗaya mai alamomin karin sauti irin na ƙamus, sun wadatar. MediaWiki yana daidaita irin waɗannan haruffa zuwa tsarin NFC, wato siffa ɗaya da Unicode ya tsayar, lokacin adanawa, don haka abin da ka aika ba lallai ya dawo bayit-da-bayit ba.

Daga ina zan kwaso shafukan?

In kaɗan ne, Special:Export zai ba ka su a fayil ɗin XML. Kada ka manta da danna akwatin haɗawa da samfura, in ba haka ba shafin zai iso kwamfutarka da jajayen mahaɗai a inda akwatin bayani yake. In duka kake so, dumps.wikimedia.org yana ajiye kwafin kowane wiki. Na Hausa sunansa yana farawa da hawiki, kuma wanda ke da pages-articles a sunansa sigar ƙarshe ce kawai, ba tarihi. Na Hausa bai kai ya cinye maka data ba. Na Turanci gigabayit ne masu yawa, kada ka fara shi da datar waya.

API, ƙofar da manhaja ke neman shafi ta cikinta kai tsaye daga wiki, ma hanya ce, amma ba a kwasar dubban shafuka da ita a guje. Ka sa wa manhajarka sunan da za a gane ta da shi a User-Agent, ka aika buƙata ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ya sauko da fayil ya raba wa sauran a filashi ya fi kowa ya ja nasa.

Gwajina ya wuce jiya, yau ya faɗi, ban kuma taɓa kod ba. Me ya faru?

Shafin ne ya canza. Wiki kullum cikin gyara yake, shi ya sa ba a ajiye sunan shafi kawai. Kowace siga tana da lambarta ta dindindin, wadda kake gani bayan oldid a adireshi in ka buɗe tarihin shafi. Wanda ya sa maƙalar marigayi Muhammadu Buhari a tarinsa da suna kaɗai, ranar 13 ga Yuli 2025 gwajinsa ya tashi daga aiki, domin jimlar farko da akwatin bayani da rukunai duk sun sauya.

Lambar siga ma ba ta gama magance abin ba. In ka buɗe tsohuwar siga, MediaWiki yana nuna ta da samfuran yau ne, ba na ranar da aka rubuta ta ba. Maƙalolin Hausa da yawa kuma Databox suke amfani da shi, wanda ke jawo bayanai daga Wikidata, rumbun bayanan da wikin Wikimedia ke tarayya a kansa, inda wani a wata ƙasa zai iya canza yawan jama'ar Daura ba tare da ya taɓa shafin Hausa ba. Mafita ita ce ka adana rubutun shafin da samfuransa a fayil kusa da kod ɗinka, gwajin ya karanta daga nan. Ribar gefe: ranar da sabis ya ɗauke, aikinka bai tsaya ba.

Ta yaya zan san abin da manhajar ta fitar daidai ne?

A ƙaramin tari, da hannu kake rubuta amsar. Fayilolin parserTests na MediaWiki abin koyi ne: kowane gwaji yana da suna, da rubutun wiki da aka shigar, da HTML ɗin da ake jira. A babban tari ba mai iya duba dubban shafuka, sai ka nemi ƙa'idar da dole ta tabbata a kowanne. Misali: in ka gudanar da bot sau biyu a shafi ɗaya, zagaye na biyu kada ya canza komai. Yawan manazarta kada ya ragu. Sunan fayil ɗin hoto kada ya motsa ko da harafi ɗaya, domin ƙugiya ɗaya da ka ƙara masa ta isa ta ɓatar da hoton.

Rabin tarin kuma ya zama shafukan da bai kamata a taɓa ba. Wannan ne aka fi mantawa. Bot mai mayar da "kasa" zuwa "ƙasa" zai yi kyau a "kasa mai albarka", ya yi ɓarna a "ya kasa zuwa", da "ta kasa tumatir", da maƙalar macijin nan kasa. Wanda ya ga K ya ɗora mata ƙugiya zai lalata Kurfi da Katsina. Ka ajiye jimlolin da kalmar ta fito cikin adireshin intanet, da cikin sunan littafi a manazarta, da cikin maganar da aka ɗauko daga bakin wani.

A ina zan gudanar da gwajin? Zan iya yi a Wikipedia kai tsaye?

A maƙaloli, a'a. Ka kafa MediaWiki a kwamfutarka, yana aiki da SQLite ba sai ka kafa babban rumbu ba, ka shigo da shafukan ta Special:Import. Bayan nan akwai test.wikipedia.org, da ƙananan shafuka a ƙarƙashin sunanka. Pywikibot, manhajar rubuta bot, yana da zaɓin simulate da ke nuna abin da zai canza ba tare da ya adana ba. Ranar da za ka fita fili, ka sanar da editocin wikin tukuna, ka yi gyara kaɗan, ka tsaya a duba.

Akwai matsalar haƙƙin mallaka ko sirri in na ajiye shafukan a ma'ajiyar kod ɗina?

Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, siga ta 4.0 tun 2023. An yarda ka kwafa, da sharaɗin ka nuna inda ka samo kuma kwafin ya zauna a kan lasisin. Fayil ɗaya mai jera sunan shafi, lambar siga da adireshi ya biya sharaɗin nuna inda ka samo, kuma dama kana bukatarsa saboda dalilin da aka faɗa a amsar canjin shafi. Bayanan Wikidata CC0 ne. Hotuna kowanne da lasisinsa.

Sirri ya fi shafar shafukan tattaunawa da na editoci, inda ake samun sunaye, da lambobin IP, wani lokaci har lambar waya. In daga baya aka ɓoye wata siga a wiki, kwafinka bai san an ɓoye ba, sai ka cire da kanka. Mai kula da wikin ofis ko na makaranta ya fi kowa bukatar kiyayewa: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi sunayen ma'aikata da na ɗalibai. Ka musanya su da na ƙirƙira kafin su bar sabar, amma na ƙirƙirar su riƙe ƙugiya da alhamza da tsawon na asali, in ba haka ba ka wanke abin da kake son gwadawa.

An kawo mini ƙorafin kuskure bayan na saki manhajar. Me zan yi da shafin da ya jawo shi?

Ka ɗauki sigar da abin ya faru a kanta kafin wani ya gyara shafin. Sannan ka rage ta: share rabin rubutun, in kuskuren yana nan ka sake share rabin abin da ya rage, in ya ɓace ka koma ɗaya rabin. Shafi mai layi dubu yakan dawo layi biyu ko uku. Waɗannan layukan su za su shiga ƙaramin tari, da jimla ɗaya mai bayanin abin da suka karya, cikakken shafin kuma ya shiga babba. Ka tabbatar gwajin ya faɗi kafin ka gyara kod, sannan ya wuce bayan ka gyara.

Manhajata ƙirga gyare-gyaren gasar rubutu take yi. Akwai abin da ya keɓanta da ita?

Agogo. MediaWiki yana adana lokaci da UTC, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Gyaran da aka yi a Katsina da ƙarfe 12:30 na dare, minti talatin da shiga ranar 1 ga wata, a rumbu 23:30 ne na ranar ƙarshe ta watan da ya gabata. Ka sa sigogi daga wannan awar a tarinka, a farkon gasar da ƙarshenta. Ka ƙara da shafin da aka canza wa suna ana tsakiyar gasa, da wanda aka goge, da gyaran da aka soke bayan minti biyu, da editan da ya sauya sunan asusunsa.